Maginan ƙasa na cikin birnin Zazzau: abin da za ka samu idan ka ba su gyaran tsohon soro

Duk wanda ya gaji tsohon gida a cikin ganuwa, a Anguwan Juma ne ko Limancin Kona ko Kwarbai ko Kaura, wata rana sai ya tsaya gaban zauren kakansa yana kallon tsaga yana lissafi: a rushe a zuba bulo, ko a kira magina su gyara? Wannan sharhi domin wanda zuciyarsa ta karkata ga gyara ne. Maginan ƙasa da suka rage a cikin birni har yanzu hannunsu na nan, musamman wajen ɗaurin azara da tayar da baka, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, kuma a wannan fanni mai aikin bulo na Sabon Gari ko Samaru ba zai kama ƙafarsu ba. Inda ake kuka da su wuri uku ne: kayan haɗi, cika alkawarin lokaci, da saurin amsa "to" idan mai gida ya ce a shafa siminti.

Sana'ar tana da asali a garin nan. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka gina Masallacin Juma'a na ƙofar fada, kuma Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya jagoranci ginin. Har yau unguwar da ya zauna sunansa take amsawa. Ginshiƙan masallacin da bakunansa da ƙubbobinsa duk da ƙasa da azara aka yi su. A shekarun 1970 aka kewaye shi da ginin kankare ta waje aka bar tsohon a ciki, an kuma gina irinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ranar 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe nasa ya rufta, mutane suka rasu, Allah ya jiƙansu. Tun daga ranar mutanen birni da yawa suke kallon rufin ƙasa da tsoro, kuma ba a ga laifinsu ba. Sai dai a tuna gini ne da ya haura shekara 180, a tsakiyar watan da ruwa ya fi ƙarfi, kuma an ruwaito cewa an ga tsaga a jikinsa kwana guda kafin abin ya faru. Soro yakan nuna alama kafin ya faɗi, kuma rabin abin da kake biyan tsohon magini a kai shi ne iya karanta wannan alama.

Samun su sai da tambaya. Ba su da shago, ba allo, ba talla a Facebook. Ta hannun mai unguwa ake bi, ko dattawan sana'ar, domin har yanzu ana girmama tsarin Sarkin Magina da na gidajen da suka gaji gini. Hanya mafi tabbas ita ce ka ga zauren da aka gyara ya ci damina biyu bai motsa ba, ka yi sallama ka tambayi mai gidan wa ya yi masa. Idan babban maginin ya zo, Baba za ka ce masa ko Malam, a shimfiɗa masa tabarma, a gaisa, a kawo ruwa. Wanda ya tare shi da "nawa za ka yi mini" tun daga bakin ƙofa ya riga ya rage wa kansa albarkar aikin. Tawagar ba ta da yawa: shi, da yaransa biyu ko uku masu ɗori da yaɓe, da leburori masu kwaɓi da jefa tubali.

A zagayen farko ake gane gwani. Ba ya fara da tsagar da ka nuna masa. Zai durƙusa ya shafa gindin bango ya ji ko da danshi, ya ƙwanƙwasa yaɓe da bayan hannu yana sauraron inda ya rabu da jikin gini, ya sa tsani ya hau rufi ya leƙa bakin indararo. Daga nan ya shigo ciki da ƙusa ko wuƙa yana tsokanar azara, musamman daidai inda ta shige cikin bango, don nan ne take fara ruɓewa alhali tsakiyarta da ido ke gani lafiya lau. Tsaga kuma iri-iri ce. Siririya wadda ta tsaya a fatar yaɓe ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar ƙofa, ko ta fi faɗi a sama, ko ana ganin takwararta ta ɗaya gefen bangon, tana nufin harsashi ya zauna ko bango yana buɗewa. Gwajinsu mai sauƙi ne: a liƙe tsagar da ɗan siririn yaɓe a dawo bayan mako biyu. Idan ta sake buɗewa, ginin yana tafiya, sai an tokare kafin a taɓa komai. Maginin da ya yanka maka farashi bai hau rufi ba, ka sallame shi cikin mutunci.

Kuɗi kuwa ko jinga ko na yini. Na yini yana jan aiki, jingar dunƙule kuma tana sa a yi sauri a inda bai kamata ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba jingar gida-gida, ta bango daban, ta rufi daban, ta yaɓe da zane daban, kai kuma ka riƙe sayen kaya a hannunka, da shi a gefenka yana zaɓa. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Dattawan ba sa son takarda, wani ma zai ga kamar ka ƙi yarda da shi ne. A lallaɓa a rubuta, ko da ajami, a gaban shaidu biyu. Yawancin rigimar da ke kai mai gida da magini gaban mai unguwa a kan "ai ban da rawanin soro muka yi" take tashi.

Sai ƙasa. Kududdufan da ke warwatse cikin birni ramukan da aka haƙi ƙasar gidajen ne tun zamanin da, shi ya sa kusan kowace tsohuwar unguwa take da nata. An cike da yawa da shara an yi gini a kai, yanzu sai dai a sayo ƙasa a tifa daga bayan gari, kuma lungunan birni ba duka tifa ke shiga ba, a sa kuɗin baro a lissafi. Jar ƙasa mai ɗan birji ake so. A jiƙa dunƙule guda a mulmula a shanya: idan ya tsattsage yumɓu ya yi yawa, idan ya marmashe a hannu yashi ya yi yawa. Wadda ta fi kowace kyau ita ce ƙasar tsohon bangon da kansa, a farfasa a sake kwaɓawa, kuma magina na kirki ba sa bari a kwashe ta a zubar. Idan kuma wani ya kawo maka ƙasa mai araha ka ji an ce daga jikin ganuwa aka sare ta, kada ka saya. Ganuwar tana cikin kayan tarihin da doka ta kare, kuma irin wannan sara yana cikin abin da ya cinye ta.

Kwaɓi ba aikin yini ɗaya ba ne. A jiƙa ƙasa, a tattake da ƙafa, a zuba ciyawar ramno a sake tattakewa, a tara a bar ta ta kwana biyu ko uku, sannan a sake jiƙawa a tattake. Sau biyu ko uku ake maimaita haka, har ciyawar ta yi laushi ta saki danƙonta. Wasu suna ƙara kashin doki. Tubali da hannu ake mulmula shi, gindi mai faɗi da kai mai tsini, ya sha rana kamar mako biyu. A nan tawagogi da yawa suke yanke. Za ka ga an kwaɓa da safe an fara ɗori da azahar, ko an hau da tubalin da bai wuce kwana biyar a rana ba. Ka ɗauki guda daga tsakiyar tari ka fasa. In cikinsa ya fi bayansa duhu, bai bushe ba, kuma zai ƙanƙance a cikin bango ya bar rami.

Aikin bango nasu yana da kyau ƙwarai idan ba a matsa musu ba. Bangon ɗaki mai hawa ɗaya yakan kai santimita 60 a gindi, na bene kuwa mita guda ko fiye, yana sirancewa yana hawa. Magini yana zaune a kan bangon, ana jefo masa tubali yana jerawa kai a sama, yana maka ƙasa a tsakani da ƙarfi don ta cike kowane gurbi. Sahu biyu ko uku a yini, sai a bari ya sha iska. Wanda ya ɗora sahu shida don ya burge ka, ƙasan zai yi ciki.

Gyaran da aka fi kiran su a kai shi ne gindin bango da ruwa ya zaizaye. A cikin birni abin ya ƙaru tun da aka riƙa ɗaga tituna da lambatu har suka fi dandamalin tsofaffin gidaje tudu, ruwa ya koma kwanciya a jikin katanga. Malalacin magini zai maka yaɓe mai kauri a ramin ya shafe, damina ɗaya ya zube. Yadda ake yi shi ne a sare ruɓaɓɓen wurin har a tarar da ƙasa mai ƙarfi, ba duka a lokaci guda ba, kamar mita guda-guda ana tsallake na kusa, a yayyafa ruwa, a cusa tubali a cike, a bari ya bushe kafin a buɗe na gaba. Bayan nan a yi dakali a jikin bangon mai ɗan gangare zuwa waje. Dakalin da dattawa ke zama a kai da yamma a ƙofar gida, babban aikinsa ke nan, kare gindin gini daga ruwan da ke fantsama.

A rufi ne kuɗinka yake fita. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma ta tsohuwar bishiya ake nema, ɓangaren waje mai baƙin zare, mai nauyi, wadda ƙusa ba ta shigarta da sauƙi. Ita ce gara ba ta cika damu da ita ba. Mai fari-fari da sauƙin ɗauka daga cikin itacen ta fito, kuma masu sayarwa sukan cusa ta tsakiyar dami, don haka a kwance kowane dami a duba ɗaya bayan ɗaya. Azara guda ba ta ɗaukar rufin ƙasa a faɗin da ya wuce kamar ƙafa shida, wato mita 1.8, kuma daga wannan iyaka duk dabarun ginin soro suka fito. In ɗaki ya ɗan fi haka, sai a fito da azara daga bango mataki-mataki, a gicciya wasu a kusurwoyi, a rage faɗin. In zaure ne babba, sai baka. Ana dasa azara a jikin bango tana karkata ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe, a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, daga ɓangarorin biyu, har su haɗu a sama. Bakan gizo ke nan. Idan bakuna suka gicciye juna suka raba rufin gida-gida, an sami ɗaurin guga, wanda ake ɗaga kai a kalla a tsofaffin zauruka. Babu katakon tallafi, babu ma'auni sai ido da igiya, kuma duk da haka bakunan sukan haɗu daidai. Kan azara a shimfiɗa zana ko asabari, a bi da ƙasa hawa biyu ko uku, kowane ya bushe kafin na gaba, da gangare zuwa indararo.

Kuskuren da ya fi kashe rufi na masu gida ne, magina kuma suna biye musu. Duk shekara in an ga yoyo sai a hau a ƙara ƙasa, ba a kankare ta bara ba. Bayan shekara ashirin azarar da aka yi don ɗaukar taƙi guda tana ɗauke da uku, in ruwan Agusta ya jiƙa ta nauyin ya ƙaru. Ka sa a haƙa ɗan rami a gefe a ga kaurin. In ya yi yawa a tokare daga ciki tukuna, a sauke ƙasar daga sama, sannan a canza azarar da ta mutu. Kada a yarda a zare azara daga ƙasa alhali kaya na kanta. Indararo kuma ya fito aƙalla rabin mita daga bango, a liƙe wuyansa da kyau, don ta nan ruwa ya fi sulalewa cikin gini.

Inda aikin ya fi rauni a yau shi ne abin da ke hana ruwa shiga. Na asali laso ne: katsi, wato dattin gindin rijiyar marina da aka shanya aka ƙone aka daka, da gashin jima daga majema, da ruwan saiwar dafara mai yauƙi. Ana cuɗa su ana juyawa kullum fiye da mako guda kafin a shafa, kuma mai kyau yakan yi shekara biyar a kan rufi. Marina sun ragu, katsi ya yi wuya, matasan magina da yawa sun ji sunan laso ne kawai. Saboda haka in magini ya ce zai yi maka laso, ka ce a kawo kayan gidanka a haɗa kana gani. Makuba ta fi sauƙin samu, ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa a kwaɓa yaɓe da ruwan, ita ke ba bango wannan ja mai duhu, ita kuma ake yayyafa wa daɓe. Aibinta ɗaya, tana son sabuntawa duk shekara ɗaya ko biyu a ɓangaren da ruwa ke duka, wanda a Zariya galibi gabas ne.

Da an ga wannan wahala sai a ce a shafa siminti a huta, magini kuma ba zai yi musu ba, don ya fi masa sauri. Siminti da ƙasa ba sa kama juna. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa ya toshe ta. Da ya yi 'yar tsaga ruwa ya shige bayansa, ba hanyar fita, bangon ya riƙa narkewa a ɓoye, gara ta sami inuwa, daga waje kuma gida fes. Ranar da ɓawon zai faɗo za a tarar rabin kaurin bangon ya tafi. In ba makawa, a tsayar da simintin a dakali da wuyan indararo da kan rawani, a kafa ƙusoshi da ragar waya don ya sami abin kamawa, a bar sauran bangon da yaɓen ƙasa. Rufa kwano a saman soro kuwa, duk da yana ɓata wa gida kwarjini kuma sau da yawa a kansa ake sare zankwaye, wato tsinayen da ke saman soro, gaskiya yana ceton azara. Sharaɗinsa a bar sarari tsakaninsa da rufin ƙasa yadda mutum zai iya leƙawa, kuma bakinsa ya zarce bango sosai.

Zanen fuskar gida, wanda Zariya ta yi suna da shi, dagi da takobi da sarƙaƙƙun layuka har da keke a wasu gidajen, a nan sai a yi hattara. Masu iya fito da shi da kauri, a yanka shi a jikin ɗanyen yaɓe, sun yi ƙaranci. Yaran yanzu sun fi gwanancewa a fenti, zanensu ba zurfi. A ɗauki hoton tsohon zanen daga kusa kafin a taɓa shi, a ce a bi sawunsa, kada a bar wa yaro ya sabunta yadda ya ga dama. Farar ƙasa ta fi fentin mai dacewa da bangon ƙasa.

Lokacin aiki daga Nuwamba ne zuwa Maris. Iskar hunturu tana busar da tubali da sauri, amma tana tsaga yaɓen da aka yi da tsakar rana, shi ya sa gwanaye suke yaɓe da sassafe ko bayan La'asar. Rufi dole ya rufu kafin ƙarshen Afrilu. Da yake kowane mataki sai an jira ya bushe, magini yakan riƙe aiki uku a lokaci guda, ya ɓace maka kwana huɗu. Wani ɓacewar na bushewa ne, wani na wata jingar ce, kuma da hadari ya fara haɗuwa rabin leburorin sun koma gona. In ya ce mako shida, ka shirya wa wata biyu da rabi.

Akwai ayyukan da bai kamata a bar musu su kaɗai ba. Bene mai tsaga, masallacin unguwa, makarantar allo ko zauren da jama'a ke taruwa, a haɗa su da injiniyan gini ya duba. Garin da ke da sashen koyar da zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ba a rasa wanda za a kira. Kada a zuba rufin kankare a kan bangon ƙasa ko wa ya ce zai ɗauka. Mai aikin famfo kada ya binne bututu a cikin bango, banɗaki kuma kada ya jingina da shi. Mai wayarin ya bi da wayarsa ta kan bango cikin roba, kada ya sassaƙa jikin baka ko ya huda ta don rataya fanka, domin igiya da azarar da ke riƙe da rufin a nan suke.

Wanda ke zaune a gidan, ko yake da mai duba masa shi, zai ji daɗin aikinsu: ɗaki mai sanyi a bazara, mai ɗumi a hunturu, da zauren da bulo ba zai maimaita ba. Wanda zai kulle gida ya tafi Abuja sai Sallah, soro zai ba shi kunya ko wane gwani ya gyara. A cikin yarjejeniyar a sa cewa maginin zai dawo sau biyu a shekara, a Afrilu ya share indararo ya cire ciyawar rufi ya liƙe tsaga, a Oktoba ya duba abin da damina ta yi. A kuma riƙe kashi ɗaya cikin goma na kuɗin jinga, da saninsa tun farko, sai an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku an shiga ɗakin da tocila an duba kusurwoyi da ƙarƙashin indararo.